Kayan Mamaciya

Dona Piedade ta haura shekara saba'in a Lisbon, ba ta taɓa kwana a otal ba sai da ɗanta Valdemar ya kai ta. Ya ce gara ce ta cinye katakon daɓen gidanta da ke unguwar Graça, za a yi feshi, kuma maganin yana da ƙarfi, ƙirjin tsohuwa ba zai ɗauka ba. Ya ce ta ɗauka hutu ne ya ba ta. Shi da kansa ya zuge mata 'yar jakarta, ya karɓi makullinta don ya ba masu feshi, ya sumbaci goshinta a ƙofar otal ɗin, ya tafi.

Tsohon otal ne a bayan dandalin Rossio, ba na manyan attajirai ba, ba kuma na talakawa ba. Jan kafet ɗin matakalarsa ya koɗe a tsakiya, lif ɗinsa kuwa kamar kejin aku, sai an ja ƙofar ƙarfe da hannu biyu. Manajan, Senhor Belmiro, ba ya canza komai, don tsufan wurin ne ke kawo masa baƙi. In ma ya ji labarin tsohon agogo ko madubi a wurin dillalai, sai ya saya ya ƙara.

Ta ji daɗin wurin, ba a ɓoye wannan. An gyara mata gado, an kawo mata tawul mai ɗumi, ba ta wanke ko cokali ba. Burodin kawai ta raina. Duk wanda ya zauna kusa da ita a ɗakin cin abinci, ko yana jin yarenta ko ba ya ji, sai ta gaya masa, "Ɗana ne ya kawo ni."

Wata safiya tana zaune da kofi da madara a teburin da ke fuskantar zauren shiga, sai ga ƙarti biyu sun shigo da baya da baya, ɗauke da wani katon kabad na kwanuka. Ɗaya mai tumbi, ɗaya siriri kamar sanda.

"Ɗaga naka ɓangaren mana, Firmino!" in ji mai tumbin. "Ko kifin da ka ci jiya bai sauka hannunka ba?"

"Ni nake ɗauke da shi duka, Quim. Kai tumbi kawai kake turawa."

"Tumbin nan ya riga ka shiga aikin nan. Ka girmama shi."

Suka dire shi a jikin bango suna haki. Baƙin katako ne, mai ƙofofin gilashi biyu a sama da durowa biyu a ƙasa. Dona Piedade ta yi murmushi ta ce a ranta, irin nawa. Irinsa da yawa a gidajen tsofaffin Lisbon. Ta kai kofi bakinta, sai idonta ya sauka a kusurwar hagu, inda katakon ya ƙone da siffar dutsen guga. Ta san ƙunar. Ita ta yi ta, ranar da Valdemar yana ƙarami ya faɗo daga kan kujera ya fasa leɓe, ta dire dutsen gugar a inda ta samu ta ruga wurinsa.

Ta ajiye kofin. Ta tashi, ƙyallen share baki na hannunta ba ta sani ba.

"Bayin Allah, daga ina wannan?"

Quim ya cire hula ya share gumi. "Daga can sama, Iya, Graça. Hawa na huɗu, ba lif. Gwiwoyina har yanzu zagina suke yi." Ya taɓa goshinsa da ƙirjinsa da kafaɗunsa, alamar gicciye. "Kayan mamaciya ne. Tsohuwar ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ɗanta ke kwashe gidan. Maigidanmu dillali ya sayi komai, manajan nan kuma ya zaɓi wannan."

Da ƙyar ta ce, "Yaushe ta rasu?"

"Watan jiya, in ji ɗan. Wai a cikin barci. Mutuwa mai sauƙi, Allah ya ba mu irinta."

"Mace mai tsabta, in gaya miki," in ji Firmino. "Ko ƙura ba mu samu a bayan kabad ɗin ba. Sai dai tarin kwalaben wofi, kamar za ta buɗe kanti."

"Ɗan nata, yana kuka?"

"Kuka?" Firmino ya yi dariya. "Sauri dai yake yi. Ya ce kafin la'asar gida ya zama wayam, gobe masu fenti za su shiga. Haya za a riƙa ba 'yan yawon buɗe ido."

Zauren ya yi mata nisa, kamar tana hangensa daga ƙarƙashin ruwa. Ta dafa kabad ɗin don kada ta faɗi. Senhor Belmiro, da ya fito daga bayan kanta don ya ga kayansa, ya ga fuskarta ya yi sauri.

"Dona Piedade, ranki ya daɗe, lafiya? A kawo miki ruwa?"

Ba ta dube shi ba. Ta ce wa Quim, "Ja durowar hagu, har ƙarshe. Akwai reza da burushin aski a cikin farin hankici. Na mijina ne, Custódio."

Quim ya dubi Firmino. Ya ja durowar, ya zura hannu can ciki, ya fito da ƙullin hankici. Ya kwance. Ya tsaya yana kallon abin da ke tafin hannunsa.

"Ni ce mamaciyar," in ji ta.

"Wayyo Maryamu!" Firmino ya ja da baya har ya buge tukunyar fure. Wasu baƙi biyu da ke jiran lif suka juyo suna murmushi, sun ɗauka wasa ake yi.

Senhor Belmiro ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya jawo kujera, ya ce a kira ɗan nata a waya, ya ce ko a kira 'yan sanda, ya rantse bai san komai ba. Ta ce ta yarda bai sani ba, kuma kada a kira kowa. Ta san ɗanta. In aka ba shi lokaci, kafin ta isa ya shirya magana mai daɗi.

"Me ya rage a gidan?"

Quim ya ce, "Gado, Iya. Da keken ɗinki, da tukwane, da 'yan tarkace. Yanzu ma za mu koma mu ɗauko."

"To da ni za ku."

"Kabad ɗin fa, ranki ya daɗe?" in ji manajan.

"Ajiye mini shi. Kada wani ya ɗora masa fure."

Ko ɗakinta ba ta koma ba. Da silifas ɗin da ta sauko da su ta hau motar kaya, ta zauna tsakanin ƙartin biyu, ƙullin hankicin a cinyarta. Motar ta kama hawan tudu a bayan ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari mai ruwan ɗorawa, tana tsayawa duk inda ya tsaya.

Valdemar ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba. Yana da aikinsa a ofis, yana da mata da 'ya'ya, duk Lahadi yana zuwa da lemu a leda ya zauna ya ci miyar ganyen uwarsa ya yaba. Abin da ya fi tayar da hankali ke nan. Lalataccen ɗa kowa ya san shi, ana ɓoye masa makulli. Wannan kuwa da hannunta ta miƙa masa. Tun da ta zame a matakala a lokacin sanyi ya fara yi mata maganar wani gidan tsofaffi a garin Loures. Ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Da ya daina maganar sai ta ɗauka ya haƙura ne.

Matakalar gidan ta wahalar da ita kamar kullum. Tana hawa tana tsayawa, hannu a kan ƙarfen riƙo, Quim na bayanta da hannuwa a buɗe ko za ta faɗo. A hawa na uku ƙofa ta buɗe, maƙwabciyarta Alzira ta leƙo da tsumma a hannu.

"Piedade! Ke da aka ce kin zaɓi gidan tsofaffi da kanki, ko sallama babu? Wallahi fushi nake yi da ke."

"Ke mai sauƙin aka gaya miki," in ji Dona Piedade tana haki. "Waɗannan an ce musu na mutu."

Alzira ta saki tsumman. Ta biyo su a baya, hannu a baki.

Ƙofar gidan a buɗe take. Ba warin magani, ba alamar gara. Falon ya zama fili, takunta har amsawa yake yi. A bango sai farare-fararen wurare inda hotuna suke a da. Teburin ya tafi, kujerun sun tafi, labulen da ta ɗinka da hannunta an tara shi a ƙasa ana taka shi. A cikin uwar ɗaki Valdemar na durƙushe, ya naɗe hannun riga, yana kwance ƙafar gado da sukudireba. An jingine katifar a bango.

"Kun daɗe," ya ce bai juyo ba. "Ku fara da keken."

Da ya ji shiru sai ya juyo. Jini ya bar fuskarsa.

"Mama. Me kike yi a nan?"

"Ta'aziyya na zo. An ce uwarka ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya miƙe, sukudireban na hannunsa. Ya dubi ƙartin, ya dubi Alzira a bakin ƙofa. "Mama, mu yi magana mu biyu."

"A gabansu ka kashe ni. A gabansu za ka yi magana."

"Ki saurare ni, don Allah. Kin faɗi a matakalar nan. Kin bar gas a kunne, Alzira ce ta ji wari, ga ta nan ki tambaye ta. Ba na iya barci, Mama. Na nema miki ɗaki mai taga a kan lambu, akwai nas dare da rana. Hayar gidan nan ita za ta riƙe ki a can. Da na tambaye ki, a'a za ki ce."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba."

"Don ke na yi."

"Mutuwar ma don ni ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Dillalin ne ya dame ni da tambaya, mai kayan tana ina, ta yarda, ba ta yarda ba. Sai kawai ta fita daga bakina. Magana ce kawai, Mama."

"A cikin barci, aka ce. Har yadda zan mutu ka zaɓar mini. Watan jiya. Ranar Lahadin nan kuma ka zo ka ci miyata."

Maganar matakala gaskiya ce. Maganar gas ma gaskiya ce, kuma Dona Piedade ta san haka fiye da kowa. Amma mutumin da ke tsoron kada uwarsa ta faɗi, hannunta yake riƙewa ya yi ta roƙo har ta gaji ta yarda, ko shi ya gaji. Ba ya kai ta otal ya sumbaci goshinta, ya dawo ya sayar da gadon da aka haife shi a kai. Tsoro na iya sa mutum ya yi wauta. Wannan kuwa an zauna an tsara shi, har da tawul mai ɗumi.

Ta miƙa hannu. "Makullina."

Ya laluba aljihu ya ba ta.

"Da naka."

"Mama, haba."

Hannun nata bai sauka ba. Valdemar ya sake duban ƙartin, kamar maza za su goya wa namiji baya. Quim ya mai da hularsa kansa.

"Ba ta abinta, Senhor," ya ce. "Mu dai ba ma ɗaukar kayan mai rai."

Valdemar ya daɗe yana fama da zoben makullan kafin ya zare na gidan. Ya sa mata a tafin hannu, bai bari yatsunsu sun haɗu ba. Ya ɗauki kwat ɗinsa daga jikin ƙofa.

"In kika sake faɗuwa fa? Wa zai ɗaga ki?"

"Alzira tana ji ta ƙasa. In ba ta ji ba, ka riga ka sanar da mutane, ba sai ka sake wahala ba."

Ya fita. Alzira ta matsa ta ba shi hanya ba ta dube shi ba. Suka ji takunsa yana sauka, sai ya tsaya a tsakiyar matakala. Ya tsaya ya daɗe. Dona Piedade ta san jira yake yi ta kira sunansa, kuma sunan ya zo har bakinta. Ta danne shi. Takun ya ci gaba, ƙofar titi ta buga.

Ba kujerar zama, sai Firmino ya kifa wata tukunya babba, Alzira ta riƙe ta ta zaunar a kai. Quim ya ce zai yi wa maigidansu magana a dawo da abin da bai bar kanti ba, amma kujerun dai wasu baƙi sun tafi da su tun jiya, hotunan kuma an cire su an sayar da firam ɗin, bai san inda aka zuba su ba. Ta gyaɗa kai kamar labarin wata ake ba ta. Tana kallon bangon da ba komai a kansa, makullai biyu a damƙe a hannunta.

Quim ya tsinci sukudireban daga ƙasa ya durƙusa da nishi. Firmino ya kama ɗaya gefen gadon.

"Iya," in ji Quim, "kan gadon ta ina yake?"

Ta ɗaga hannu ta nuna masa wajen taga.