Fenti Bai Bushe Ba

A kan tankin babur ɗin, daidai inda Malam ke ɗora tafin hannunsa, fenti ya koɗe har ƙarfe ya fito. Umma ta lura da wurin tun bara, wata safiya tana shara.

Ta san dalili. Mijin nata, wanda 'yan unguwa ke kira Mai Kunne, wanda ake turo wa babur daga nesa don kawai ya saurara ya faɗi ciwonsa, yanzu da hannu yake saurare. Jin ya tafi a hankali, ya bar masa wani ƙugi a kunne da ba ya yankewa. Bai gaya mata ba, ita ma ba ta nuna ta sani ba. In za ta yi magana sai ta zagayo gabansa. In wayarsa ta yi ƙara sai ta miƙa masa kamar hanya ce ta biyo da ita. Ta gaji, amma ta fi tsoron ranar da zai zauna a gida. Da babur ɗin yake kai wa masu shaguna kaya, kuma tun da wata babbar mota ta kusa bi ta kansa tana ta danna hon, babban ɗansu ya sa masa ido.

"In na tabbatar kunne ne, Umma, makullin zan karɓa," ya ce mata a lokacin. "Gara ya yi fushi da ni yana raye."

Shi wannan ɗan, da uban ke tsokana da suna Injiniya, shi ne ya wargaje babur ɗin a tsakar gida tun farkon mako. Ya ce ya gaji da ganin tsoho yana hawa gada da kaya kamar mai tura baro. Ya sa babbar kafireta, ya canza salansar hayaƙi da filogi, ya wanke sarƙa. Robar wankin Umma ta koma ta baƙin mai, notuna kuma suka tare a murfin tukunyarta.

"Injiniya, yau dai za a ba ni tsakar gidana, ko in nemi haya?"

"Yau za a gama, Umma. Wallahi in ya tashi sai kin ce jirgi ne."

"Jirgin da ya cinye mini roba."

Malam na zaune a kan benci yana kallon bakunansu. Da ya ga sun yi dariya, shi ma ya yi.

Bayan la'asar Injiniya ya ɗaura tanki. Ya fesa masa sabon fenti ja, yana ta sheƙi.

"Baba, kyautata ce wannan. Har wurin nan da ya koɗe na rufe."

Umma ta dubi tankin, ta dubi hannun Malam.

Ya buga kik, babur ya kama da wata murya mai kauri da gidan bai saba ji ba. Ya murza totur, hayaƙi ya turnuƙe kayan da ke kan igiya.

"Saura silo," ya ce da ƙarfi, yana nufin yadda inji ke numfashi a tsaye ba a ba shi wuta ba. "Wannan kam sai Mai Kunne. Bismilla, ranka ya daɗe."

Malam ya taso yana dafa gwiwa. Ya miƙa hannu zuwa tanki, ɗan ya tare da sauri.

"A'a Baba, bai bushe ba! Kada ka taɓa ko'ina, ni zan murɗa. Kai dai faɗa mini."

"A bari sai gobe mana," Umma ta ce. "Mutum bai huta ba tun safe."

"Minti nawa ne, Umma?"

Malam ya dubi hannunsa, ya mayar da shi baya ya riƙe da ɗayan. Ya karkatar da kai. Sannan ya lumshe ido, kamar yadda ya saba yi duk lokacin da zai saurari inji, tun kafin a haifi yaron. Umma ta matso gabansa, amma babu idon da zai gan ta.

"Rage," ya ce.

Injiniya ya murɗa sukurun kafireta da sukundireba. Ƙarar ta sauka.

"Rage kaɗan."

Injin ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin ɗigar famfo a bokiti.

"Kaɗan kuma," Malam ya ce, idonsa a rufe. "Yawwa. Tsaya nan. Ka ji shi? Haka ake so ya riƙa numfashi, ba ya gaggawa." Ya yi ɗan murmushi. "Ku yaran yanzu ƙara kuka sani."

Injiniya na tsugune bai motsa ba. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ita kuwa ta kasa yin mamakin da ya kamata ta yi. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙe a hankali, ya ɗora ƙafa a kan kik, ko zai tayar kafin tsohon ya farga.

Malam ya buɗe ido. Ya ga ƙafar. Ya ga bakin salansa ba hayaƙi, madubi kuma ba ya rawa. Daga nan ya juya ga matarsa, ya tsaya a kan fuskarta.

"Filogin ne, Baba," Injiniya ya ce. "Dama tun ɗazu yake yi mini haka." Amma kansa a sunkuye yake, babu leɓen da za a karanta.

Malam ya ɗauki tsumma daga kan benci ya goge hannuwansa, duk da babu abin da suka taɓa. Ya ninke shi, ya ajiye. Ya zura takalmansa, ya ratsa tsakanin robar baƙin mai da babur ɗin yana tattare riga don kada ta shafi fenti, ya buɗe ƙofar gida ya fita a ƙafa.