Oko-Oba ko Alaba Rago

"Hannu huɗu nan, huɗu can," in ji Alhaji Na'Allah, shugaban kwamitin asibitin unguwa. "To Sista Hadijatu, ke za ki raba mana gardama."

Tun da sojoji suka koma bariki, kowane taro a Agege sai an ɗaga hannu, ko da na gyaran kwata ne. Yau kuwa maganar babba ce. Tallafin da aka samu ɗakin haihuwa ɗaya tak zai iya buɗewa, ga shi wuri biyu ke nema: Oko-Oba ta mahauta, nan kusa, da Alaba Rago, can uwa duniya a Ojo.

Hadijatu, babbar ungozomar asibitin, ta gyara zama. Gaskiyar da ta sani ita ta faɗa. Matan Oko-Oba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma mazansu na da halin biyan kati da magani, reshen zai riƙe kansa. Na Alaba Rago fa? Galibi matan masu gadi ne da 'yan dako daga Nijar, ba sa ganin kuɗi sai kasuwar raguna ta buɗe gab da Sallah. Ga nisa. Wace ma'aikaciya ce za ta yarda ta riƙa keta cunkoson Oshodi kullum?

"In aka buɗe a can, ba zai kai baɗi ba," ta ce. "Oko-Oba."

Mahauta suka hau sa mata albarka. Malam Almu, wakilin Alaba Rago, ya laluɓi takalmansa ya fita. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Da ta shiga ɗakin awo, sai ga Mouna a kan benci, matar Salissou mai gadi, ta baro Alaba Rago tun da asuba. Cikin wata takwas, ƙafafu sun kumbura suntum, motar haya ta danfo ta gama jijjiga ta. Hadijatu ce da bakinta ta ce wa yarinyar nan a watan jiya, "Ki kwantar da hankalinki, muna nan zuwa muku."

Ta kwantar da ita, ta shafa cikin, ta danna, ta sake dannawa. Kan ɗan yana sama, ƙarƙashin haƙarƙari.

"Ɗan nan a zaune yake, bai juyo ba."

"Mi ke nan, Anti?"

"Wannan ba haihuwar gida ba ce. Kada ki bari wata tsohuwa ta ce za ta juya miki shi. Da kin ji mara ta murɗa, ki ruga asibiti mafi ku..."

Maganar da take yi wa kowace mace ce, amma wane asibiti ne kusa da Mouna?

Mouna ta yi dariya. "Ai da sauƙi, tunda kuna tahe. Na hwaɗa ma matan layinmu duka, na ce Antina ta Agege ce za ta zo."

Kunya ta rufe Hadijatu. Ba ta yi ƙarya a taro ba, ko gobe aka tambaye ta abin da za ta faɗa ke nan, amma wannan bai hana ta jin kamar ita ta zaunar da ɗan ba.

"Ba za mu zo ba, Mouna. Oko-Oba aka ba. Ni na ce a ba su."

Mouna ta tashi zaune a hankali, ta ja rigarta ta rufe cikin.

"Ki je ki kwaso kayanki," Hadijatu ta ce da sauri. "Ki dawo gidana ki zauna har ki sauka. Ɗaki ɗaya ne da falo, ga yara, amma za mu matsa."

"Allah shi saka, Anti." Ta ɗaura zanenta. "Akwai Mariamu maƙwabciyata, ita watan nan ma za ta haihu, kuma jini take gani. In taho da ita?"