Ruwan Tsamiyar da Na Jiƙa wa Mwanakombo

Ni na matsa wa matata Mwanakombo ta yarda a rage mata tumbi. Ciwon suga ya kama ta, gwiwoyinta sun daina ɗaukar ta, matakala biyar na gidanmu a Majengo sai ta huta sau biyu. Aka yi tiyatar a Nairobi, muka dawo Mombasa da umarnin likita: abinci kaɗan-kaɗan, ruwa kuma kurɓi-kurɓi tun safe har yamma.

Ruwa zalla ya ƙi zama a cikinta. A garinmu kuwa duk mai tashin zuciya tsamiya ake jiƙa masa, haka iyayenmu suka yi mana. Kullum kafin in tafi shagon ɗinki sai in cika mata flas, in tsaya a kanta.

"Kada in dawo in tarar da saura, Maman Zuhura."

"To, likitan tela," in ji ta. "Allurar ma ka kawo ka yi mini."

Watannin farko amai ya dame ta. Ni kuma ba na wasa da tsabta. Da ta yi, sai in miƙa mata aswaki da garin gawayi, in ce bakin da zai ambaci Allah ba a barin sa haka ko minti ɗaya. Tana gogawa ina kallo.

Jiki ya faɗa, suga ya sauka. Bayan shekara ɗaya da rabi ta fara runtse ido in ta sha shayi. Haƙoranta na gaba suka yi sirara, gefensu kamar gilas. Ranar ɗaurin auren ɗan yayarta Bi Riziki ta ciji gutsuren kwakwa, haƙori ɗaya ya ɓare.

A nan tsakar gidan, gaban Bi Riziki da matan dangi, na buɗe baki.

"Halwa take ci a ɓoye. An yanka ciki, ba a yanka kwaɗayi ba."

Wasu suka yi dariya. Ita ta ja gyale ta rufe baki. Halwa alawa ce ta mutanen nan, ban kuwa taɓa ganin ta da ita ba. Zato na yi, na faɗe shi da muryar shaida, kuma wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Likitar haƙori, Dakta Chepkoech, ta daɗe tana haska bakin kafin ta ɗago.

"Mama, wannan ba aikin zaƙi ba ne. Tsami ne ya cinye fatar haƙoran, ciki da waje. Me kike sha da rana?"

"Tsamiya."

"Kofi nawa?"

"Flas guda. Ina kurɓa har magariba."

"Kin wuni kina jiƙa haƙoranki a tsami ke nan. In kin yi amai fa?"

"Sai in goge nan take. Da gawayi."

Likitar ta ajiye madubinta. Ta ce bayan amai haƙori laushi yake yi, mai gogawa a lokacin kankare shi yake. Kurkure baki da ruwa ake yi, a jira kamar awa ɗaya. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Na gaba huɗu za a yi musu rufi, turame biyu sai cirewa.

"Wa ya koya miki wannan, Mama?"

Ina zaune kan kujerar roba, hulata a gwiwa. Mwanakombo ba ta ko dube ni ba.

"Ni na ga dama," in ji ta.

"Ki ji tsoron Allah da jikinki. Baba, kai ma ka riƙa sa ido a kanta."

Na ce to. Ni da nake yi wa samarin unguwa faɗa a kan ƙarya, abin da na iya cewa ke nan.

A tashar matatu, muna jiran mota, na kasa riƙewa.

"Me ya sa ba ki ce ni ne ba?"

"Ka ga bakina ya saba tona miji a gaban baƙi?"

"Ki yafe mini. Tsamiyar da gawayin duk ni ne."

"Waɗannan ba ka sani ba ne, na yafe tun muna ciki." Ta gyara gyalen a bakinta. "Halwar ce ban yafe ba. Wata biyu ke nan duk gidan da na shiga sai a janye faranti daga gabana. Jikar Riziki ma tana ce mini Kaka Halwa."

"Zan yi wa Bi Riziki waya."

"Da waya ka faɗa?"

Sai ta ƙara da cewa:

"Ran Juma'a bayan la'asar suna taruwa karatu a gidanta, su goma sha biyu. Su ne dai na ranar nan."

Ban taɓa tsayawa gaban mata na ce na yi ƙarya ba. Ran Juma'ar na rufe shago da wuri, na tafi a ƙafa. Takalma sun cika ƙofar. Na yi sallama sau biyu kafin karatun ya tsaya. Bi Riziki ta leƙo.

"Shehin Majengo da kansa? Wa ya yi laifi yau?"

Na ce ni ne, kuma ina so duk su ji. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ɗage labulen.