Motar Sista Ta Ƙi Tashi

Sista ta daɗe da yin ritaya daga aikin unguwarzoma a asibiti, amma sunan bai bar ta ba, ita kuma ba ta bar tuƙi ba. Tana da wata tsohuwar mota ruwan toka, fentin bonet ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Da ita take zuwa cefane, da ita take kwasar ƙawayenta tsofaffi zuwa awon hawan jini, suna tafe suna gulmar 'ya'yansu.

Gida ɗaya take da autanta, mai shagon kayan gini, da matarsa. Tun ranar da ta gogi ginshiƙin get ta fasa fitilar hagu, Auta ya kafa mata ƙahon zuƙa a kan ta ajiye makulli. Ya ce idonta ya yi rauni, ya ce titi ya cika da marasa hankali, ya ce duk inda take so shi zai kai ta. Ta ce masa ginshiƙin ne magini ya yi a karkace, kuma wanda ya goya ka ba ya neman izininka kafin ya fita.

Wata safiya ta shirya za ta kai aminiyarta ganin likita. Ta shiga mota, ta gyara madubi, ta murɗa makulli. Kik ya juya da ƙarfinsa, injin ya ƙi kamawa. Ta sake, ta kuma sakewa, har ta ji tsoron kada ta kashe batir. Auta ya fito yana ɗaura agogo, ya leƙo ta taga, ya ce ai dama tsohuwar mota haka take, ta bari zai turo bakanike. Aminiyar tata sai tasi ta hau.

Bakaniken ya zo da hantsi. Ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, ya goge hannun da ko baƙi bai yi ba, ya ce injin ya buga, gyaransa ya fi ƙarfin motar, gara a sayar wa masu tsinke ta su sayar da kayanta. Duk maganar da ya yi, takalminsa yake kallo. Sista ta yi shekaru tana sauraron mazan da ke rantsuwa sun sayo wa matansu magani alhali ba su sayo ba, ta san irin wannan kallon. Ta yi masa godiya, ta ce ya gai da gida.

Da gidan ya yi shiru ta canja zane, ta ɗauko tabarau da ƙaramin sifana. Ita ba makanikiya ba ce, amma wanda ya daɗe da mara lafiya ya san tarinsa. Ta danna hon, ya yi ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Ta kunna fitila, tana haske tar. To ba batir ba ne. Duk da haka ta kwance kawunan batirin, ta kankare farin garin da ya taru a kansu, ta mayar ta ɗaure tam. Kik yana juyawa, ba shi da laifi. Mai kuwa ita da kanta ta sha shekaranjiya, allurar tana sama da rabi.

Surukarta tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu, ta kasa shiga ta kasa fitowa.

Sista ta koma ta zauna a kujerar direba, ta rufe ƙofa, ta murɗa makulli rabi kawai, ta kasa kunne. Kullum idan ta yi haka takan ji wani ɗan zuuu daga ƙarƙashin kujerar baya, famfon mai yana tura fetur. Yau shiru kamar an ɗauke wuta. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɓalle murfin akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari. Ga su nan a jere, ja da shuɗi da rawaya, sai gurbi ɗaya wayam kamar giɓin haƙori. Fis yakan ƙone, amma ba ta taɓa jin wanda ya yi ƙafa ya fita da kansa ba.

Ta duba zanen da ke bayan murfin, ta ga na famfon mai ne babu, ta zare na rediyo da yake lambarsu ɗaya, ta cusa a gurbin. Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

Ba ta je ko'ina ba. Ta kashe ta, ta bar ta a tsakar gida, ta ja kujera ta zauna a gefenta har Auta ya dawo cin abincin rana. Da ta ji tsayuwarsa a get ta miƙa hannu ta taga ta tayar da injin. Ya shigo ya tsaya, ya dubi motar, ya dubi matarsa, matar ta dubi bango.

"Ba ni abin da ke aljihunka," in ji Sista.

Bai yi musu ba. Ba a aljihu yake ba, a cikin motarsa ya ɓoye fis ɗin, ya je ya ɗauko. Ya fara bayani: tsoro yake ji, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara tana waje sai gabansa ya faɗi, ba ya so wata rana a kira shi ya zo ya gane gawa.

"Na fahimci tsoronka, kuma ban raina shi ba," ta ce. "Amma ka haɗa baki da bare ku mayar da ni sakarya a gidana. Idan idona ya ƙare, likitan ido ne zai faɗa mini, a gabana, ba kai da bakanike a bayan get ba. Shiga mu je wurinsa."

Ya miƙo hannu zai karɓi makulli. Ta nuna masa ɗaya kujerar.

Haka suka tafi, yana riƙe da bel da hannu biyu, tana tuƙi a hankali fiye da yadda ta saba, don ba ta so ta ba shi abin faɗa. Likitan ya haska idanunta ya ce na dama lafiya lau, na hagu kuwa yanar ido ta fara rufe shi. Sai an yi aiki, kuma kafin ya warke babu tuƙi. Sista ta ji zafin maganar, amma ta tambayi ranar da za a yi. A hanyar dawowa ta bar Auta ya ja, amma suna isa ta zare makullinta ta ɗaure a bakin zane. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya san uwarsa.

An yi aikin lafiya. Auta ya zaci yanzu dole ta shiga motarsa, har ya sa an wanke ta. Sai ga shi wata safiya ya fito ya tarar da matarsa a bayan sitiyarin tsohuwar motar, gumi yana tsattsafo mata a goshi, Sista tana gefe da bandeji a ido ɗaya tana nuna mata kuloci. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake yin tsalle ta mutu.

Auta ya buɗe baki zai yi magana, Sista ta riga shi.

"Buɗe mana get, ka matsa can gefe. Ke kuma 'yata, saki ƙafar a hankali, ba kunama kika taka ba."