Kunya Bakwai

…kuma ni aka sa a gaba, ni Ɗalhatu, sai ka ce ni na aiko ajalin. Haba Jalo. Ka kwanta ka tafi abinka, ba wasiyya, ba ko ƙala, ka bar yayanka da rabon gado da tsakar rana, ƙarangiya na cin bakin sabuwar rigata. Haka ƙane ke yi?

Liman na biye da ni. Mai unguwar Gude da igiyar awo da turke. Can baya Asta matarka, jiya ta fita takaba, marayunka biyu na gida suna jiran abin da za a ce nasu ne. Wai in nuna inda gonarka ta tsaya, tawa ta fara. Ni ne babba, ni ne mai gaskiya — ai kowa ya shaida, har Kabo.

Layin gamba ne iyakarmu tun da Baffa mahaifinmu ya raba mana. To ciyawa ce fa, ba dutse ba… Shekarar da gyaɗa ta yi daraja a kantin Gwarzo, na tumɓuke gambar na dasa ta gaba, cikin gonarka. Kunya ɗaya tak. Wasa ne, wallahi wasa, jira nake ka kama ni mu yi dariya. Ba ka kama ba. Laifin wa ke nan? Damina ta zagayo, na ƙara ɗaya. Bakwai yanzu. Kana tsaye da hauya a kafaɗa, kana cewa gyaɗata ta yi kyau bana, ni kuwa har da kaɗa maka ƙararrawar sabon keke, ina cewa hannu ne, ba kowa aka ba —

Mun iso. Ga gambar, ta yi tushe kamar nan aka haife ta. Wa zai musa? Mai unguwa har ya ɗaga turke. Asta ta durƙusa, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Malam, mai gidan ya sha gaya mini, ranar da babu shi a tambayi Yaya Ɗalhatu. Ya ce shi kaɗai ya san inda iyakar take ta asali."

Ta asali… Ashe ka sani. Shekara bakwai kana ƙirgawa, kana gaishe ni. Wannan ai mugunta ce, Jalo, ka yi shiru har kabari sannan ka miƙo mini igiyar.

Liman na kallon bakina. Nan, ko taku bakwai baya, cikin gyaɗata da ko cirewa ban yi ba? In na ja da baya, me zan ce ya kai gambar nan? Hannuna ya ɗagu zai nuna… rigar nan nauyi gare ta.