Takwas Ɗin da Ban Gani Ba

Talata, 15 ga Yuli, 2025. Ruwa tun asuba, bai ɗauke ba, yayyafi kawai... kuma har yanzu lambar nan ce a kaina.

4,752,000,198.

Shekara ashirin ina ba 'yan aji uku ita a Kiru. Tana rabuwa da biyu, don ƙarshenta takwas ne. A tara lambobinta, talatin da shida, ke nan uku ta shige ta, tara ma. Har sha ɗaya, ba saura. Lamba mai haƙuri, kowa ya zo ta ba shi rabonsa.

Baba a ƙauyenmu Ba'awa, ina yarinya, ya damƙe gyaɗa a hannu — “Furera, cika ko mara?” In na canka, tawa ce. A nan na fara lissafi, ba a makaranta ba.

Jiya na ce ɗalibata Juwairiyya ta rubuta ta a allo. Tun bara ba na rubutu a allo da kaina, na ce musu kafaɗa ce ke ciwo. Kafaɗa! Na juya na fuskanci allon yadda na saba, farin alli ya zama hazo, na fara daga ka: cika ce, tana rabuwa da biyu, da uku, da tara...

Sai Juwairiyya ta ɗaga hannu.

“Malama, ki yi haƙuri... uku na rubuta a ƙarshe. Kuskure na yi.”

Uku. To mara ce. Ba biyu, ba uku, ba tara, ba sha ɗaya — lamba guda ta canza, duk gidan ya watse, ni kuwa ina tsaye ina yi musu bayanin abin da ba ya allon. Kuskure ne? Ko gwada ni suke? Tun yaushe suka sani? Yara ba sa faɗa. Tausayi suke ji, shi ya fi ciwo.

Khairiyya, 'yata, sau nawa kika ce in zo Kano a duba idon nan? A waya bakina “lafiya lau” kawai ya iya. Shi ya sa na rubuta miki wasiƙa. Manyan baƙaƙe, layi huɗu... ko biyar? Ban iya maimaita karantawa ba.

In likita ya ce a yi aiki, in koma aji. In ya ce an makara — to wace ce Malama Furera ba allo?

Tasha duk taɓo. Ɗanjuma direba ya karɓi ambulan, yana juya ta.

“Malama, lambar wayar nan, ta ƙarshen uku ce ko takwas?”

“Takwas ce, Ɗanjuma.”

Da ka na faɗa. Ban ko duba ba.

Motar ta tashi, wasiƙar na gaban gilashi. Na gaji. Lema a hannuna ban buɗe ba... Baba, hannun a damƙe yake har yanzu. Cika ko mara?