Takalman Bakin Ƙofa

Pyo Gil-su bai taɓa son gawa ba, ko ta roba. Ubansa, tsohon ɗan sandan ciki, shi ya zaɓa masa karatun binciken wurin da aka yi laifi, kamar yadda yake zaɓa masa aski. Shi yaron burinsa ya buɗe gidan burodi. A gidansu ba a kawo irin wannan magana ana cin abinci, kuma ba a haɗuwa sai wurin cin abinci.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka kai su Gil-su ɗakin gwaji: gawar roba a ƙasa, jinin fenti, kwanon taliya da ya huce. Wanda ya faɗi zai bar sashen. Gil-su ya sa safar hannu ya shiga. A bakin ƙofa takalma ne a watse, ɗaya a kife. Tun shigarsa jami'a shi ne autan aji, shi ke jera wa manya takalman da suka cire a bakin ƙofa duk gidan abincin da aka je. Kafin kansa ya farga, hannunsa ya gama aiki, ya jera su tsaf suna duban waje.

"Kai, ɗan albarka!" in ji Da-som, abokiyar karatunsa mai riƙe da kyamara. "Saura ka dafa wa mamacin shayi. Takalmin mai kisan ka gyara masa, ko hoto ban ɗauka ba."

Gil-su ya dubi hannunsa. Ya laluba baƙin ciki a ransa, sai ya tarar da daɗi. Ƙofar da ya kasa buɗewa da baki, ga shi ladabi ya buɗe masa.

Da yamma Farfesa Eom ya kira shi ofis.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na ɓata shaida, Malam. Na faɗi, kuma na yarda. Kada a tausaya mini."

"Wa ya nemi yardarka? Ni da babanka kwano ɗaya muka ci a wurin aiki. Da wane ido zan dube shi in ce tarbiyya ta kayar da ɗansa? Za ka ƙara shekara a hannuna. Yanzu na ajiye waya, na ce masa na riƙe ka ne saboda ka fi sauran hazaƙa."

"Malam, ni dai da ma..."

"Ba sai ka yi godiya ba."

Gil-su ya rusuna, ya yi godiyar. Bai gama sauka daga bene ba wayarsa ta yi ƙara. Baba ne, yana tambaya wane irin nama za a gasa na murna.